Shayin rage tumbi, raket ɗin bogi, da sauran tambayoyinku

Bazara ta kankama a Damagaram, kuma na lura duk shekara in zafi ya haura 40 sai wasiƙun rage ƙiba su yi mini yawa, ƙila don mai jiki ya fi kowa jin ta. Ga waɗanda na tsamo wannan mako.

"Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Muna buga ƙwallon tebur da yamma, kullum aron raket nake. Na ga wani a Kasuwar Dole an rubuta masa Butterfly, mai shi ya ce jika 4. In saya?"

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ɗana. Butterfly kamfanin Japan ne, kuma fatar roba ɗaya tak, ta gefe guda, irin wadda manyan ƴan wasa ke liƙawa, ta haura jika 30 a Turai tun ba a ɗoro ta a jirgi ba. Ko ƙaramin raket ɗinsu na ƴan koyo ya fi jika 4 a can. To yaya ya ƙetare teku, ya biyo ta Kano ko ta Kwatano, ya iso Dole kuma farashinsa ya ragu?

Ka manta da sunan, ka gwada robar. Ɗauki ƙwallo ka goga a kanta. In ta riƙe ƙwallon tana ɗan ja, akwai rai. In ya zame kamar a kan madubi, ajiye musu abinsu. Ka duba gefe ka ga ko akwai siririn soso tsakanin roba da katako. Wanda ya ci wannan gwaji ya ishe ka shekara, in dai ba ka bar shi a rana ko ƙarƙashin sirdin babur ba, don zafinmu da ƙura su ke kashe roba. Ka goge shi da ɗanyen tsumma bayan wasa, ka sa a leda. Canjin da ya rage ka sayi ƙwallaye masu alamar 40+, su ne ake wasa da su yanzu, kuma su za ka fi asara. Ranar da ka kama ƙafar Quadri Aruna na Najeriya, wanda ya kai zagayen ƴan takwas a wasannin Olimfik na Riyo a 2016, ka dawo mu yi maganar roba mai jika 30.

"Baba, ina rubuto maka ina jin kunya. Haihuwata uku, ina goyon ɗan wata bakwai, jikina ya buɗe har dangin miji sun fara yi mini habaici a gidan biki. Wata mai talla a WhatsApp ta sayar mini da shayin rage tumbi jika 15. Kwana biyar ina sha, na rage kilo biyu, amma cikina na murɗawa, ina ta zawo, zuciyata na bugawa da dare. Ta ce alamar yana aiki ne, in ƙara sayen kwali na biyu. Ya zan yi?" Wata uwa daga Birni

Ɗiyata, ki ajiye kunyar nan, ba ki yi laifin komai ba. Mace ta ɗauki ciki uku, ta yi jego uku da kunun kanwa da duk abin da iyaye ke ɗura wa mai jego, in jikinta bai canza ba ai shi ne abin mamaki. Amma shayin nan ki daina shi yau, kada ki bari sai kwalin ya ƙare. Ki sha ruwa da yawa, in zawon bai tsaya ba ki haɗa da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake ba yara. Bugun zuciyar nan kuwa ki je likita a auna ki, ki riƙe kwalin a hannu su gani. Ki tuna kina shayarwa, kuma wasu magunguna na bin nono.

Kilo biyun da kika gani ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Ki daina shayin kwana uku su dawo, kuma a nan cinikin mai tallar yake: in nauyi ya dawo sai ki ce ai don kin daina ne, ki sake aika mata jika 15.

Bari in ɗan daɗe a nan, don abin ya jima yana ci mini tuwo a ƙwarya. Bara wata ɗiyar ƙanwata ta zo da irin wannan kwali. Hoton wata Baturiya ce a jiki ta ɗaura tef ɗin tela a ƙugu, rubutun kuma ba Faransanci ba, ba Larabci ba, babu wanda ya iya karanta shi a gidan, har da ɗan makarantar cikinmu. Babu ranar lalacewa, babu adireshi. Na farke ƙunshi ɗaya na zazzage a faranti: ganye ne dakakke da ɓarɓashin kwanso, a ƙasa kuma wani farin gari mai laushi da ba ya kama da ganye ko kaɗan. Ganyen na gane shi tun daga ƙamshi, don duk wanda ya tashi a karkara ya san filasko. Kakanninmu na jiƙa shi su ba wanda cikinsa ya ɗaure, sau ɗaya, a wanke ciki a wuce wurin. Ba su taɓa cewa a sha safe da yamma wata guda ba, kuma ba su taɓa sayar da shi jika 15 ba. A bayan gari yake fitowa, awaki na ratsa shi. Wanda ya daɗe yana shan sa hanjinsa kan saba har ya kasa fita bayan gida sai da shi, gishirin jikinsa ya zube, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, bugun zuciya ya rikice.

Farin garin shi ya fi tsorata ni. Hukumomin magani na ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan shayi da ƙwayoyi "na ganye zalla" an cusa musu wani sinadari mai suna sibutramin, wanda Turai da Amurka suka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuma maganin sa fitsari ake zuba musu, irin wanda likita ke ba mai kumburi da awo. Mutum ya yi ta fitsari da zawo a watan Afrilu a Damagaram, garin da ko ruwan sha sai an yi lissafinsa da ɗan garuwa, me ake so ƙodarsa ta yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko mara inganci. Wanda ake yawo da shi a tire bisa kai, rana na gasa shi daga hantsi zuwa la'asar, ku yi masa lissafi da kanku.

Ku dubi tiren nan da kyau in mai shi ya sauke a ƙofar gida. Gefe guda maganin rage ƙiba ne, gefe guda kuma sha-ka-fashe, na ƴammatan da ake wa gorin sun cika siranta kafin aure. Shi ma ba ƙiba yake sawa ta lafiya ba, ruwa yake tarawa, fuska ta yi kumburi, sukari da hawan jini su biyo baya. Mai tiren ya ci kuɗin yarinya lokacin da take son ta cika, ya dawo bayan shekara shida ya ci kuɗinta don ta rage. Mu kuma da bakinmu muke aika masa da ciniki, mu masu habaici a gidan biki.

Yanzu ga abin da za ki yi, ɗiyata, kuma ba zai ci miki ko dala ba. Kada ki yi wa kanki yunwa kina goyo. Ki fara da abin sha: gwangwanin lemu ɗaya mai santilita 33 na ɗauke da sukari kusan giram 35, wajen ƙwaya bakwai ke nan, alhali Hukumar Lafiyar na cewa babba kada ya wuce giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Zoɓon ƙulli da furar da aka cika wa sukari duk lissafi ɗaya ne. Sai mai: ki riƙa auna shi da cokali in za ki yi miya, ki daina tuttulawa daga kwalba. Ki rage fanke da soyayyar awara, ki ƙara kwaɗon zogale da wake. Alkakinmu kuwa, ban isa in hana ɗiyar Damagaram alkaki ba, amma ki bar shi na ranar biki. Bayan asuba, kafin rana ta ɗaga, ki goya yaron ki taka minti 30, kwana biyar a mako. In kina rage rabin kilo a mako kin yi daidai; kafin shekara ta zagayo masu habaicin za su nemi wata.

"Saura mako biyu ɗaurin aurena, ina so in zubar da kilo 10. Wace ɗamarar matse tumbi ta fi sa gumi, mai jika 6 ko mai batir ta jika 20?"

Ba a fafe gora ranar tafiya, ango. Kana cikin garin da mutum ke zaune a inuwa gumi na ɗiga daga haɓarsa, kuma kana neman sayen abin sa gumi? In da gumi na narka kitse da babu mai tumbi ko ɗaya daga Zango har Sabon Gari. Ɗamarar za ta ba ka ƙuraje da ƙishirwa, ka sha ruwa nauyi ya koma. Kai wa tela jika 6 ɗin ya saki rigar. In da gaske kake bayan biki, ƙirga ƙwayoyin sukarin da ke shiga butar shayi a fadarku, na fari da na biyu da na uku, sau nawa a yini, ka aiko mini da adadin. Ka kuma auna ƙugunka da tef: in ya wuce rabin tsawonka, akwai aiki.

"Malam, ni ɗan kabu-kabu ne. Ina son lasifikar Bluetooth da katin memori in zuba waƙoƙi. Matsalar, ni waƙoƙin zamani nake so, mahaifina kuma in ba kalangu da gurmi ba ya ce hayaniya ce. Ɗaki ɗaya ke tsakaninmu."

Rigimar nan ta girme ka. Mu ma da muka kawo kaset ɗin gita gida haka iyayenmu suka ce, su da kunnensu ya saba da kakaki da algaitar ƙofar fada. Ba zan ce maka wane kiɗa ya fi ba. Ka sayi kati biyu, ɗaya naka ɗaya na tsoho, ka sa masa nasa bayan isha'i, za ka ga ya daina jin naka da rana. Ƙila ma ka tsinci kanka kana bin amshi.

Wajen kati ne za a cuce ka. Akwai masu rubutun 64 giga ko 128 da ake sayarwa kuɗin goro, waya ta nuna maka adadin daidai, amma cikinsu bai fi kaɗan ba. In ka wuce ainihin girmansa sai sababbin waƙoƙi su riƙa hawa kan tsofaffi, ka wayi gari rabinsu ba sa buɗewa. Waƙa ɗaya ba ta fi mega 4 ko 5 ba, don haka kati mai giga 8 na gaske zai ɗauki sama da waƙa 1,500. Sayi ƙarami a shagon da za ka iya komawa gobe ka same shi, ka sa a cika shi a gabanka, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka ji.

Lasifika kuma kada lambar wat da ke jikin kwali ta ruɗe ka, abu kamar gwangwanin madara a ce wat 1,000. Ɗaga ta ka ji nauyi, don maganaɗisu da batir na kirki suna da nauyi. Ƙure muryarta a shagon ka ji ko tana kakarewa. Mai fitilu kala-kala batir kawai take sha. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba: abin kunne a kan babur. Wanda bai ji hon ɗin tankar mai da ta taso daga matatar mai ba, babu waƙar da za ta yi masa amfani.

"Mu huɗu ne matan gida ɗaya, likita ya ce biyu daga cikinmu su motsa jiki saboda hawan jini, kuma ba ma son fita titi. Mun ga yara na buga badminton. Ya dace da manya?"

Ya dace ƙwarai, Hajiya, kuma wasiƙarki ta faranta mini rai. Tsakar gida ta isa, igiyar shanya ta zama raga. Ta gaske tsayinta daga ƙasa mita ɗaya da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ku sayi raket marar nauyi, wanda kansa da sandarsa suke a haɗe ba alamar walda, don masu arahar nan a mahaɗar suke karyewa. Ƙwallon ku ɗauki na roba, na gashin tsuntsu ba ya kwana biyu a busasshiyar iskarmu. Nauyinsa giram biyar ne kacal, saboda haka da hunturu iska za ta riƙa kai muku shi gidan maƙwabta. Ku buga da sassafe ko dab da magariba in ta kwanta. Ku sa takalmi mai igiya, silifa na gurɗa ƙafa. Masu hawan jinin su fara da minti goma, su ci gaba da shan maganinsu, kuma wadda ta ji jiri ko nauyi a ƙirji ta zauna nan take. Sauran biyun kada su yi musu dariya in sun kasa dukan ƙwallon a makon farko, kowa haka ya fara.