Amsar tambayarka kan mara wa shugaba baya a lokacin rikici

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya ko al'ada ce jama'a su mara wa shugabansu baya idan rikici ya taso daga waje, kuma ko shugaban gwamnatin haɗaka ma yana cin gajiyar hakan.

Al'adar tana nan, kuma tsohuwa ce. Da an ji ƙarar bindiga a kan iyaka sai 'yan adawa su sassauta harshe, don ba wanda yake so a kira shi maci amanar ƙasa. A watan Mayun 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Churchill ya kafa gwamnati a Birtaniya, ya jawo jam'iyyar adawa ta Leba ciki, suka yi shekara biyar ana tafiya tare. To amma dubi abin da ya biyo baya. Jamus ta miƙa wuya a Mayun 1945, a watan Yuli Leba ta yi wa Churchill mummunan kaye. Mutanen da suka yi masa tafi a titi su ne suka juya wa jam'iyyarsa baya. Duk tsawon yaƙin, yana fama da fagen daga, ministocin Leba irin su Bevin na ma'aikatar ƙwadago suna riƙe da al'amuran cikin gida, jama'a kuwa suna kallo.

A nan matsalar haɗaka take. Yabo rabawa ake yi, zargi kuwa na shugaba ne shi kaɗai. Kwana uku bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, Scholz, shugaban gwamnatin haɗakar Jamus a lokacin, ya sanar da ware yuro biliyan 100 domin soja, har 'yan adawa suka amince. Amma a wannan shekarar, ministocin jam'iyyar masu kare muhalli da ke cikin haɗakar, Habeck da Baerbock, sun fi shi farin jini. Da gas ya yi tsada, aka zo batun wa zai biya, sai zama ya gagara. Lindner, ministan kuɗi kuma jagoran wata jam'iyyar da ke cikin haɗakar, ya ƙi yarda a ƙara cin bashi, Scholz ya sallame shi a Nuwamban 2024, gwamnati ta watse. A zaɓen 2025 jam'iyyar Scholz ta zo ta uku.

Wani lokacin ma rikicin da kansa ne ke raba su. A 2010 gwamnatin haɗakar Firaminista Balkenende ta Holan ta faɗi saboda abokan ƙawance sun kasa daidaitawa kan ko sojojinsu su ci gaba da zama a Afganistan.

Ka gaida mutanen gida.