Injin da ba ya ƙona mai, da me yake tafiya?

TAMBAYA: Malam, ni bakanike ne, ina gyaran janareto a Panteka. Na ji a rediyo wai akwai kumbon da ya yi sama da shekara goma a sararin samaniya da injin da ba ya ƙona mai. Anya kuwa? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Maigida, ba ƙarya aka yi maka ba. Injin ayon ake ce masa, babu fulogi, babu fistin. Abincinsa iskar gas ɗin zinon ce, wadda ka sani a cikin wasu fitilun mota masu farin haske. Faifan sola ke ba da lantarki, lantarkin ya sa wa ƙwayoyin gas ɗin caji, sannan wasu faranti masu ƙananan ramuka su fizge su, su watsar ta baya da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. Wannan watsin ne ke tura kumbon gaba. Hayaƙin rokar da ke ƙona mai kuwa ba ya kai kilomita 5 a daƙiƙa.

Amma fa kada ka zaci ƙarfi gare shi. Turinsa bai fi nauyin takarda guda a tafin hannunka ba. Ko kusa ba zai ɗaga kumbo daga ƙasa ba, sai roka ta kai shi sama tukuna. Can kuma babu iskar da za ta rage masa gudu, don haka ɗan turin nan yake taruwa wata da watanni. Kumbon Dawn da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2007 sai ya kwana huɗu kafin ya ƙara gudun kilomita 96 a awa. Abin dariya, ko? To da kilo 425 kacal na zinon ya shiga zagayen Vesta, wani ƙaton dutse da ke kewaya rana can bayan duniyar Mars, a 2011, ya tashi ya koma Ceres, wata 'yar ƙaramar duniya a yankin, a 2015, bai yi shiru ba sai 2018. Mai yiwuwa shi ka ji a rediyo. Japan ma da irin injin nan kumbonta Hayabusa ya dawo da ƙurar wani dutsen sararin samaniya mai suna Itokawa a 2010.

Ni dai ban ga ya kwashi mutane zuwa duniyar Mars nan kusa ba. Kumbon mutane nauyi gare shi, ga ruwa ga abinci, kuma hasken rana raguwa yake yi in an yi nisa. Shi ya sa masana ke duba yadda za a haɗa injin da lantarkin nukiliya.