Amsa ga ƙaninmu kan lissafin bolt da wat, da ayan ɗin Amurka da ya ƙone

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da yamma. To ƙanina na ji saƙonka, ina kan wani aiki ne a unguwar Maamobi nan Accra shi ya sa sai yanzu. Tambaya biyu ka yi in na gane, ta farko an ba ka batir bolt 12 da karant amfiya 2 aka ce ka nemo turjiya da ƙarfi, ta biyu kuma ayan ɗin, wato dutsen guga, da yayarku ta aiko daga Amurka cikin duro, wai kuna jona shi ya fara hayaƙi, kana tambaya ko jabu aka sayar mata. Ba jabu ba ne, kuma wallahi lissafi ɗaya ne ke amsa duka biyun.

Ta farkon ba wuya. Turjiya, wato R ɗin nan da ake aunawa da om, bolt ne za ka raba da amfiya, 12 raba 2, om 6. Ƙarfi kuma bolt sau amfiya, 12 sau 2, wat 24. Shi ke nan fa. Dokar wani Bajamushe ce, Georg Ohm, tun 1827 ya fito da ita, mu kuma har yau da ita muke cin abinci. Inda zan ja kunnenka kawai, in suka ba ka miliamfiya kamar 500, fara raba shi da 1000 ya koma 0.5 kafin ka taɓa komai, nan ne yara ke zubar da maki a WASSCE a banza.

Ni yadda nake gaya wa yaran shago shi ne ku tuna ƙofar masallaci in an idar da Juma'a, turawar da ake yi daga baya ita ce bolt, yawan mutanen da ke fitowa shi ne amfiya, ƙuncin ƙofar kuma turjiya. Ƙofar ba ta ƙara faɗi don kowa, in turawa ta ƙaru sai dai fitowa ta ƙaru.

Yauwa, yanzu ayan. Ka ce a sitikarsa an rubuta 120V da 1000W ko? To 1000 raba 120, amfiya 8.3 ke nan yake sha a can. Sai 120 raba 8.3, wajen om 14.4. Wannan 14.4 ɗin a jikin wayar da ke cikinsa yake, bai san an tsallako teku da shi ba, bai san ya zo unguwarmu Nima ba. Mu nan ECG, kamfanin wutar Ghana, bolt 230 ke ba mu. 230 raba 14.4, amfiya 16. Sai 230 sau 16, wat 3680! Abin da aka ƙera don wat 1000 ka ɗura masa kusan ninki huɗu, to yaya ba zai yi hayaƙi ba. Mutane suna ɗauka tunda bolt ya ninka biyu zafi ma biyu zai ninka, a'a, bolt ya ninka, karant ma ya ninka, biyu sau biyu huɗu, ka gane? Ayan mai wat 1000 da aka yi don wutarmu turjiyarsa wajen om 53 ce, amfiya 4.3 kawai yake ja.

Sauran kayan duron kar wanda ya jona sai an karanta bayansu. Cajar waya da ta laftof yawanci za ka ga 100-240V, waɗannan ba matsala. Wanda aka rubuta 120V kaɗai sai da sitefdawun, wato na'urar da ke rage bolt, kuma wat ɗin sitefdawun ɗin ya fi na kayan, ba wai ka sayo ɗan ƙaramin nan na wat 100 da masu aski ke sa wa kilifa ka ce zai ɗauki tukunyar shinkafa ba. Ni a ganina ma in ayan ne ko butar lantarki, kuɗin babban sitefdawun gara ka sayi sabo na nan ka huta.

Lissafin nan ne kuma ke bayyana abin da ke faruwa da daddare in wuta ta yi rauni, kowa na cewa karant ya yi ƙasa, alhali bolt ne ya fara sauka. Buta mai wat 2000 turjiyarta wajen om 26 ce, in wuta ta faɗo bolt 180 za ta ja kusan amfiya 7, wat 1200 da 'yan kai, shi ya sa Hajiya ke zaune tana jiran ruwan shayi ya ƙi tafasa. Amma firji daban ne, shi inji mai juyawa gare shi, in bolt ya sauka ƙara jan karant yake yana zafi har ya ƙone, kar ka ɗauki lissafin buta ka ɗora masa.

Sai ekstenshan, don Allah jama'a. Fulogin nan namu mai ƙafa uku fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, 13 sau 230 wat 2990. Buta da ayan kaɗai sun cinye shi, sannan a ƙara hita a ƙara firji a kan ɗan ekstenshan mai siririyar waya, in fiyus ya yanke wani gwani ya naɗa masa waya ko takardar taba ya mayar. A gidan haya mai ɗaki goma jere da katako da labule, subhanallah.

In za ka gwada turjiya da mitarka ta hannu cire abin daga soket tukuna, ba a auna om da wuta a jiki, mitar za ka kashe. Kuma in ka auna tsohon kwan fitila mai zare na wat 60 ka ga om sittin da wani abu maimakon 880 da lissafi ya ba ka, mitar lafiyarta ƙalau, zaren ne a sanyi, sai ya yi ja turjiyarsa ke hawa. Gwada lissafin da kwan wat 100 a bolt 230 ka turo min amfiya da om ɗin da ka samu in duba maka bayan isha'i.