Kuɗin inshorar mota ya yi mini yawa, ta ina zan rage?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina da tsohuwar Toyota Corolla da ta haura shekara 20. Duk wata 3 nake sabunta inshora, kuma duk ranar biya sai na ji a jikina. Akwai hanyar ragewa?

Amsa: Malam, akwai, amma a fara raba abin gida biyu: inshorar dole, da ƙarin da ba na dole ba. Akwai inshorar dole, wadda ke biyan wanda ka kaɗe ko ka yi wa ɓarna. Ita ce jandarma ke tambaya a shinge. Nijar tana cikin CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai tsara dokar inshora, da aka kafa a Yawunde a 1992, kuma dokarta ta ce kowace ƙasa tana da mafi ƙarancin farashin da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba. Ana lissafa shi da ƙarfin injin da ke rubuce a kart-giriz, wato takardar rajistar mota, da aikin da motar ke yi, da yankin da take yawo, da direban da ya saba tuƙa ta. Wannan ba tayi ake yi ba kamar a Kasuwar Dole.

Kuɗinka a biyan wata 3 yake zurarewa. Gajeren wa'adi ya fi tsada idan ka tara shi, kuma duk sabuntawa sai an ɗora maka kuɗin takarda. Ka sa su rubuta maka farashin shekara guda, ka ninka na wata 3 sau 4, ka ajiye su gefe da gefe. Na san albashi ba ya ba mutum damar fitar da kuɗi dunƙule, shi ya sa nake ba abokan aikinka shawarar adashi: ka nemi kwasarka ta faɗo a watan sabuntawa.

Sai ka karɓi takardar yarjejeniyar ka bi ta layi-layi da yatsa. Sau da yawa za ka ga an saka gobara, sata, fashewar gilashi, alhali ba ka nema ba. Motar da ta kai wannan shekaru, ko an sace ta, darajarta ta ranar za a biya ka, ba kuɗin sabuwa ba. Ni da tawa ce, sata da gobara zan cire. Gilashi kuwa zan bar shi in kana yawan bin hanyar Tanut, inda tsakuwar da babbar mota ta watso kan tsaga shi. Kuma in ka yi shekara ba ka kai musu hatsari ba, ka tambayi rangwamen da ake yi wa mai tsabtar tuƙi. Ka buɗe baki ka tambaya, kada ka jira a tuna maka.

Tambaya: Ranar Lahadi nakan ɗauki fasinja zuwa kasuwar Mirriya don in sami na mai. An ce in rubuta motar a matsayin ta gida, ya fi sauƙi.

Amsa: Ƙanena, kada ka yi, don Allah. Ya fi sauƙi kam, har ranar da taya ta fashe da mutum 6 a ciki. Dokar CIMA ta ce wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora gaskiya da gangan, yarjejeniyarsa ta rushe, kuɗin da ya biya kuma ba a mayar masa. Ka faɗa musu aikin da motar ke yi, ka sa bambancin cikin kuɗin mota.

Tambaya: Wani yaro a tasha ya ce zai samo mini takardar inshora a rabin kuɗi. Ni 'yar kasuwa ce a Zango, ɗana ne ke tuƙa motar.

Amsa: Hajiya, tun da akwai farashin da doka ta hana a sauka ƙasa da shi, wa zai cika ɗaya rabin? Takardar za ta iya wuce shinge, amma ranar da aka kwantar da wani a asibiti babu mai biya sai ke. Ki je ofishin kamfanin da kanki ko wurin wakilinsa da aka sani, ki biya, ki karɓi rasit mai hatimi, domin a dokar CIMA inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. In kina da mota fiye da ɗaya, ki haɗa su a kamfani guda ki nemi ragi.

Abu ɗaya ki sani game da ɗanki: inshorar dole ba ta biyan direba in shi ya ji rauni. Inshorar direba ƙari ce daban, kuma ita kam ba zan ce ki cire ba. In hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, ya sanar da kamfanin cikin kwana 5 na aiki. In sata ce, kuma kin yi inshorarta, awa 48.