Akushin maigida da zargin matar mamaci

Kishiyata,

Da na karanta saƙonki sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ana shirin kai ki ɗaki, ke kuma kina tambaya wai dole ne mace ta ware wa miji kwanonsa, ita kaɗai ke taɓawa? Wai kun karanta shari'ar Florence Maybrick a ajinku na lauyoyi, kin ga yadda girki ya kusa kai mace ga igiya.

Na san labarin baiwar Allahn nan. 'Yar Amurka ce, ta auri James Maybrick, ɗan kasuwar auduga na Liverpool, a 1881, ya girme ta da shekara fiye da 20. Ya mutu a watan Mayu na 1889, aka ce ita ta ba shi gubar asenik, don an ga ta jiƙa takardar kashe ƙuda, mai ɗauke da wannan gubar, a ruwa. Ita ta ce ruwan gyaran fuska take haɗawa. Shi kuwa mijin ya daɗe yana afa asenik ɗin da hannunsa, wai maganin ƙarin ƙarfi. To amma mai renon 'ya'yanta ta buɗe wasiƙar soyayya da Florence ta rubuta wa wani Alfred Brierley, shi ke nan. Alƙali James Fitzjames Stephen ya yi ta nanata cin amanar aure, alhali shi ma mamacin yana da wata a waje har da 'ya'ya. Aka yanke mata kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, ba ta fito ba sai 1904. A ganina wasiƙar aka hukunta, gubar ba a tabbatar ba.

Bari in ba ki wanda na gani da idona. Ina 'yar talla lokacin, ko zane ban iya ɗaurawa sosai ba. Maƙwabcinmu, wani manomi mai jiki, ya ci tuwon dare, kafin asuba ciki ya murɗe shi, kafin azahar an kai shi makwanci. Amaryarsa ce da girki, yarinya ce da aka kawo daga wani ƙauye, ba ta da kowa a garin. Tun ba a yi sadakar uku ba ƙannensa mata suka fara raɗa: barbaɗe ne, ai dama ba ta son auren. Har yau ina ganinta a bakin ɗaki kan tabarma, ba kwalli ba lalle, kitso a tsefe, 'yar wuƙar masu takaba a hannunta tana jujjuyawa. Mata su shigo gaisuwa, su gaida uwargida, ita su tsallake ta. Kakata, Allah ya ji ƙanta, ita kaɗai ke aika mata kunu, ni ce mai kaiwa. Na taɓa ce mata, Inna, ai an ce ita ta kashe shi. Ta kama kunnena ta murɗe, ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Magana ta wuce mai unguwa ta kai gaban alƙali. Tsohon ya bar dangin miji suka gama kumfar bakinsu, sannan ya yi tambaya ɗaya: a ina marigayi ya ci tuwon? Aka ce a zaure. Da wa? Nan liman ya miƙe, wanzamin unguwa ya miƙe, aka kawo almajirin da ya suɗe akushin, duk garas. Alƙali ya ce wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, in babu kowa ya kama bakinsa. Ciyayya ce ta cece ta, 'yar nan. A da namiji ba ya cin abinci shi kaɗai a ƙuryar ɗaki, abin kunya ne. Inna takan ce akushin da bai fita zaure ba, ba albarka a cikinsa. Mun ɗauka maganar rowa kawai take yi.

Duk da haka ba ta tsira daga bakin mutane ba. Ta cika wata huɗu da kwana goma, ta yi wankan fita, amma ba wanda ya yi sallama da ita a garin, wai mai farar ƙafa ce. Wani kawunta ya zo da jaki ya kwashe 'yan komatsanta. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Ku yanzu kun sa ƙofar ƙarfe, an zuba a kula, an kulle, daga ke sai shi. Maƙwabci bai san me kuka dafa ba. In ƙaddara ta faɗa, kafin a gama haƙa kabari an yaɗa hoton matar a Facebook, kowa ya zama alƙali. Maza kuma ga su nan suna ɗirkar jiƙe-jiƙen tasha da ƙwayoyin da ba likitan da ya rubuta, ba sa gaya wa kowa.

Kwano dai ki ware masa, girmamawa ce, ni ma na yi wa kakanku har ya koma ga Allah. Amma ki riƙa ƙara hannu a tukunya, ki zuba wa maƙwabta da almajirai, ƙannensa in sun zo su ci tare da shi. Ki kuma turo mini shi kafin ɗaurin aure, ina so in tambaye shi da bakina irin magungunan da yake sha.

Kakarki