Kafin Ka Ƙara Wa Mota Ƙarfi, Ka San Kuɗin Garantin Da Kake Takawa

Tambaya: Malam, sana'ata saye da sayar da motoci. Kwanan nan na sayi wata mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), irin masu gudun nan, da sauran shekara biyu a garantin kamfani. Ina so in sauya mata salansa da ƙafafu, in rage mata tsayi, sannan a taɓa kwamfutar injin ta ƙara ƙarfi. Nufina in ɗan more ta wata shida in sayar da riba. Wani ya ce da na kwance ko noti ɗaya garanti ya tafi, wani kuma ya ce kamfani ba zai taɓa ganewa ba. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, dukkansu biyu ba su faɗa maka daidai ba, sai dai na biyun ne zai jefa ka cikin asara.

Garantin mota ba ya rushewa a lokaci ɗaya. Yadda abin yake shi ne, wani sashe ya lalace, ka kai musu, su duba su ce wannan ɓarnar daga hannunka ta fito, su ƙi biya. Sauran motar tana nan ƙarƙashin alkawarinsu. A ce ka rage mata tsayi, ka sa manyan ƙafafu masu nauyi, bayan wata uku boris ɗin ƙafar gaba ya fara kuka. Wannan daga aljihunka za a gyara, don sauyin da ka yi ya ƙara wa wurin wahala. Amma in na'urar sanyaya ciki ce ta daina aiki, ko gilashin ƙofa ya ƙi hawa, babu ta yadda za su ɗora wa ƙafafun laifi. Saboda haka duk abin da za ka sauya, fara tambayar kanka: in ya jawo matsala, me zai lalata, kuma nawa ne kuɗin abin da zai lalata ɗin?

A wasu ƙasashe doka ma tana bayanka. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani ya gindaya sharaɗin cewa sai da kayansa ko a garejinsa kaɗai garanti zai yi aiki, in ba kyauta yake bayar da su ba. Hukumar FTC da ke kare masu saye a can ta bayyana cewa kamfanin ne zai nuna kayan da ka sa su suka jawo ɓarnar, kuma a 2018 ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi kan irin wannan sharaɗi, har da Hyundai. A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 461/2010 da ta ba mai mota damar yin sabis a garejin da yake so ba tare da garanti ya faɗi ba, muddin an bi jadawalin kamfani da kaya masu inganci. Kada dai wannan ya ruɗe ka. Waɗannan dokoki sun fi ƙarfi a kan sabis da musanya kaya da makamantansu. Ba su tilasta wa kowa ya biya kuɗin injin da aka sa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ba. Kuma ko da gaskiyarka, ranar da dila ya ce bai yarda ba, motar ce za ta zauna a garejinsa ana ta musayar takardu, kuɗinka a kwance. Kai da kake juya jari ka fi ni sanin zafin wannan.

Ƙafafu, tayoyi, fenti, kujeru, duk waɗannan ƙaramin al'amari ne in girman ya yi daidai da abin da kamfani ya amince. Rage tsayi zai iya raba ka da garantin shokozoba da abin da ke kewaye da ita, iyakarsa ke nan. Wayarin kuwa a guji yanka shi, don motocin yanzu waya ɗaya tana magana da na'urori da yawa. Salansa kala biyu ce a wannan lissafi. In daga bayan matatar hayaƙi (na'urar da ke rage gubar hayaƙin mota) aka sauya, sauti kawai ka saya, haɗarin kaɗan ne. In aka cire matatar kanta, ko aka sauya bututun da ke fitowa daga turbo, fitilar gargaɗi za ta kama, sai an taɓa kwamfuta kafin ta mutu, ga shi laifi ne a kan titi a Amurka da ƙasashen Turai. A Amurka matatar da kwamfutar injin suna da garanti na musamman na shekara 8 ko mil 80,000, wanda ya cire ta ya watsar da wannan da hannunsa.

Inda gizo yake saƙar shi ne kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Kamfani ba ya fitar da inji a ƙarshen ƙarfinsa. Yakan bar rara saboda mai mara kyau, da zafin rana, da direban da ke jinkirin sauya baƙin mai. Mai sauya manhaja wannan rarar yake sayar maka: ya ƙara iskar da turbo ke turawa, ya ƙara mai, ya gyara lokacin da fulogi ke ba da wuta. Motar za ta tashi kamar an tsikare ta, babu musu. Amma zafi da matsi sun ƙaru a kan fistin, da kuloci, da giyabos, wato sassan da suka fi komai tsada a motar, waɗanda tun farko dominsu garanti yake da daraja. Ranar da injin ya buga, ba sai kamfani ya sha wahala wajen haɗa laifin da abin da ka yi ba.

Maganar cewa ba za su gane ba kuwa, ka leƙa ƙasan sitiyarinka, za ka ga wani ɗan soket mai ramuka 16. Nan makanikin dila yake jona na'urarsa kafin ya ɗaga bonet. A motoci da yawa kwamfutar tana riƙe da adadin lokutan da aka sake rubuta mata manhaja, da iyakar matsin da turbo ya taɓa kaiwa, da iyakar juyin inji. Mayar da manhajar asali ana gobe sabis ba lalle ya goge wannan ba. Volkswagen da Audi suna da wata alama da ake kira TD1, wadda ke hawa kan lambar shasin mota da zarar na'urarsu ta ga an sauya manhaja. Alamar tana bin motar duk inda ta je, ko ta koma hannun wani. A wajenka wannan ya fi komai muni, domin mai saye mai wayo zai iya sa a duba masa kafin ya biya. Akwai kuma ƙananan akwatuna da ake maƙalawa tsakanin na'urorin awo da kwamfuta, a cire su in za a je sabis. Su ma sukan bar sawu a bayanan da kwamfutar ta ajiye, kuma in ana maganar gaskiya, cire abu don a ɓoye sannan a nemi kamfani ya biya ha'inci ne, ko an gane ko ba a gane ba.

Wani abin da mutane ke mantawa: ko ba ka sauya komai ba, yadda ka tuƙa ma yana shiga lissafi. Lokacin da Nissan GT-R samfurin 2009 ta fito, wasu masu ita sun riƙa kashe na'urar da ke hana santsi don su fizge ta daga tsaye, giyabos ya lalace, kamfani ya ƙi biya saboda littafin motar ya hana hakan. Yawancin takardun garanti sun cire tsere, wasu kuma suna taƙaita shi in ana haya da motar.

In lalle sai ka ƙara ƙarfin, akwai ƙofar da kamfanonin suka buɗe da kansu. BMW tana da kayan M Performance, Ford tana da Ford Racing (wanda a da ake kira Ford Performance), Nissan tana da Nismo, Toyota tana da TRD da GR, Dodge da Jeep suna da Mopar, Volvo kuma tana sayar da manhajar Polestar da dila ke sakawa garanti yana nan daram. Sun fi tsada, ƙarin ƙarfin ma bai kai na 'yan kasuwa ba, amma takarda tana hannunka. Ko a nan ka karanta, don cikin kayan nasu akwai waɗanda aka rubuta na filin tsere ne kawai. Akwai kuma kamfanonin ƙara wa mota ƙarfi irin su Dinan da ABT da ke ba da garantin kansu a madadin wanda ka rasa. Wannan alkawarin nasu ne, ba na wanda ya ƙera motar ba, sai ka bincika ko yana aiki a inda kake, da ko yana bin mota zuwa mai saye na gaba. Haka ma garantin asalin: in daga wata ƙasa aka shigo da motar, tabbatar da cewa dilan ƙasarka yana karɓarsa, don sau da yawa a ɗaure yake da kasuwar da aka fara sayar da ita.

Yanzu lissafin riba. Kuɗin da aka zuba a kwalliya da ƙarin ƙarfi ba kasafai yake dawowa cikakke a ranar sayarwa ba. Abin da ya burge ka ba lalle ya burge mai saye ba, kuma da yawa da sun ji an taɓa inji sai su ɗauka an wahalar da motar, su fara ragi. Mota mai sauran shekara ɗaya da rabi a garanti, da rasit ɗin sabis a jere, kowa zai taya. Wadda aka taɓa wa kwamfuta masu sonta kaɗan ne, kuma su ne suka fi kowa iya ciniki. Ga inshora ma: sauyin da ba ka sanar da su ba zai iya zama hujjar ƙin biyanka in an yi hatsari.

Da ni ne kai, tunda wata shida kawai za ta yi a hannuna, zan sa ƙafafun da salansar baya, in adana na asali a sito don in mayar ko in haɗa wa mai saye. Rage tsayin zan haƙura da shi. Kafin a kwance komai zan rubuta wa dila jerin abin da zan sauya, in nemi amsarsa a rubuce, don maganar baki ta ma'aikacin dila ba ta da amfani ranar rigima. Kwamfutar kuwa ba zan bari a taɓa ba sai ta hanyar kamfani. In zuciyarka ta ƙi haƙura, to ka tambayi kuɗin sabon inji da giyabos na motar, ka ware shi gefe ba daga jarin da kake juyawa ba, kuma ranar sayarwa ka gaya wa mai saye duk abin da aka yi mata kafin ya taya.