Kuloci ya ƙi aiki bayan an canja inji: amsoshin tambayoyinku

Tambaya ta farko daga wani direban Hilux ne a Garwa ta Kamaru, yace: "Salam malam, na cire injin 3L na sa 5L na hannu, giyabos kuma nawa ne na da. Tun da motar ta fito daga gareji kuloci ya zama laƙwas, in na taka sai ya tafi har ƙasa, giya bata shiga sai da ƙara. Makanike yace in sayi kulocin sama, wani kuma yace na ƙasa ne. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kulocin sama shine ɗan famfon da ke bayan feda mai tura man birki ta cikin tiyo, na ƙasa kuma shine na jikin giyabos wanda man yake turawa. Kar ka sayi ko ɗaya tukuna, don kulocin da yake aiki lafiya kafin a sauke inji da wuya ace ya mutu a kwana biyun da mota tayi a gareji. Abin da yafi faruwa shine lokacin sauke inji sun kwance tiyon man kuloci ko sun cire kulocin ƙasa sun barshi yana lilo, iska ta shiga, ita kuma iska matsuwa take yi ba kamar mai ba, shi yasa ƙafarka take nutsewa babu abin da ya motsa a can ƙasa. Gwada wannan, ka kashe mota ka tattaka feda da sauri sau da yawa, in kaji ta fara tauri toh iska ce, kuɗin kwalbar man birki kawai zaka kashe. Wajen fidda iskar mutum biyu ake buƙata, ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan notin fidda iska na jikin kulocin ƙasa ya rufe kafin a saki feda, kuma a riƙa duba kofin mai kar ya ƙare a tsakiya don in ya ƙare an koma farko. Ka duba kuma notin nan yana sama ne ko ƙasa, don akwai yaran gareji masu ɗaura kulocin ƙasa a juye, in noti yana kallon ƙasa ko kwana zaku yi kuna bugawa iska ba zata fita ba.

Yanzu ga gwajin da nafi so kowa yayi kafin ya taɓa aljihu. Ka kwanta gefen mota ka kalli sandar da take fitowa daga kulocin ƙasa tana tura cokalin kuloci, wani ya taka feda. A yawancin motocin nan tana tafiya wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In tana yin haka da ƙarfi amma giya har yanzu tana ƙara in inji na aiki, kuma in an kashe inji tana shiga sumul, toh mai bashi da laifi, matsalar tana ciki tsakanin inji da giyabos. Ko an sa dis (faifan kuloci) a juye, ko fulawil (babban faifan bayan inji) ɗin da yazo da sabon inji bai dace da filato (mai matse dis) da boris (wanda cokali ke turawa ya danna filato) ɗinka na da ba, ko cokali ya zame daga kan ƙwallon da yake zama. Wannan kam sai an sake sauke giyabos, ba daɗin ji amma gaskiya kenan, kuma wanda ya ɗaura injin shi ya kamata ya sauke, ku yi wannan maganar tun kafin ka biya shi sauran kuɗinsa.

Abu ɗaya dan Allah kar ka yarda dashi, in ance bari a kai sandar wajen mai walda a ƙara mata tsawo. Ranar farko giya zata shiga kaji daɗi, amma boris zai zauna yana danne filato kullum, yana juyawa ba hutu, kafin wani lokaci ya ƙone kuma dis ya fara sulɓi. Wlh wannan dabarar ta cinye kuɗin mutane da yawa.

In kuma feda tana nutsewa a hankali alhali ka riƙe ta, har mota ta fara jan jiki tana cikin giya, toh robar kulocin sama ce ta saki. Ɗaga kafet ka shafa bayan feda, in hannunka ya jiƙe da mai ka samu amsa.

Wani Alhaji mai Hiace da ke jigila tsakanin Garwa da Ngaundare yace shima ya canja inji, kulocinsa da safe lafiya lau, amma in ya kai hawan dutsen nan na kusa da Ngaundare sai feda tayi laushi, wani lokacin kuma inji yayi ta ihu mota bata ja.

Alhaji, abu biyu nake zargi kuma duka daga canjin injin ne. Na farko a bi tiyon mai a gani ko yanzu yana wucewa kusa da salansa, don sabon inji kan canja hanyar bututun hayaƙi. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma man birki yana shan danshi, in ya tsufa DOT 3 kan tafasa tun daga 140, ka haɗa da lodi da hawa da zafin watan Maris da Afrilu da yake wuce 40 a inuwa, sai ya zama tururi a cikin tiyo. A janye tiyon a sa mishi kariya, a zubar da tsohon man gaba ɗaya a sa DOT 4. Na biyu, ihun inji ba tare da ja ba sulɓi ne, kuma sau da yawa an ɗaure sandar feda da yawa ne har ta toshe ƙaramar hudar da mai yake komawa kofi, in man yayi zafi ya kumbura bashi da wajen zuwa sai ya danne kuloci da kansa. Ka taɓa feda da yatsa, ya kamata tayi ɗan wasa kamar milimita 5 zuwa 15 kafin ta fara tauri, in babu wasa ko kaɗan a sassauta.

Ta ƙarshe daga Kusiri, wata Hajiya da take kula da motar gidansu tace ance mata ta zaɓa tsakanin robobin gyara, kulocin sama na hannu, ko sabo mai arha daga kasuwa.

Hajiya, a fara buɗe tsohon a leƙa cikinsa da tocila. In ciki sumul yake ba tsatsa ba ƙarzuwa, robobi masu kyau sun isa. In ya ƙarje robar sabuwa ma zata yage, sai a canja duka. Na hannu ni ban cika so ba a wannan wajen don robarsa ta riga ta tsufa kafin ya iso, gara ki ƙara kuɗi ki nemi na kamfanin Aisin in Toyota ce, su suke yiwa Toyota da yawa daga kayan kuloci. A tafi shago da tsohon a hannu a gwada, a duba lambar faɗin ciki da ake rubutawa a jikinsa kamar 5/8, don in faɗin ya bambanta feda zata yi tauri da yawa ko kuma ta kasa tura isasshen mai. Man kuma a sayi wanda bakin kwalbarsa yake a like, banda na awo, kuma kar wani ya zuba man inji ko man sitiyari ko DOT 5 a ciki, na farkon biyu suna kumbura roba, na ukun kuma baya haɗuwa da DOT 3 da 4.